MGB ta 1972 mai tulin takardu: me ya kamata a duba kafin a biya?

Bakano_a_Leeds ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata mota MGB, ta kamfanin MG na Ingila, ƙirar 1972, mai rufin tanti, da aka sa a kasuwa nan arewacin Ingila. Mai ita ya ce tana da takardu tun daga mai ita na farko, fayil guda cike da rasit, kuma saboda haka ya ɗora kuɗi fiye da na sauran irinta. Tambayata biyu ce: waɗanne takardu ne suka cancanci a ƙara kuɗi dominsu, kuma idan aka je ganin motar daga ina ake farawa? Masana a taimaka.

Malam_Abingdon ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Kaurin fayil ba ya nufin komai sai lambobin da ke cikinsa sun yi daidai da waɗanda ke jikin ƙarfe. Fara da takardar V5C, wato takardar rajistar mota da hukumar DVLA mai kula da rajistar motoci take bayarwa. Sunan mai sayarwa da adireshin gidan da ka je su zama su ne a kanta. Sannan ka buɗe bonet ka karanta farantin lambar shasi. Mai rufin tanti ta 1972 lambarta tana farawa da GHN5. Idan ka ga GHD, wannan lambar GT ce mai rufin ƙarfe, an yi wani surkulle ke nan. Lambar inji tana kan ɗan faranti a gefen injin, ɓangaren filogi, kuma a wannan shekarar da 18V take farawa. Canza inji ba laifi ba ne a motar da ta haura shekara 50, amma dole a ga rasit ɗinsa.

Takarda ta biyu ita ce shaidar asali da gidan tarihin motoci na British Motor Museum da ke Gaydon yake bayarwa, daga kundin masana'antar Abingdon inda aka ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980. Tana nuna ranar da aka haɗa motar, launinta na asali, launin kujeru, da abubuwan da aka ƙara mata tun daga masana'anta. Sai dai a kula, shaida ce cewa an taɓa ƙera mota mai wannan lambar, ba wai wani ya duba wadda ke gabanka ba.

Tsofaffin takardun MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, su ne masu tona asiri. Jera su bisa shekara ka bi lissafin mil. Agogon motar lamba biyar gare shi, yana komawa sifili bayan 99,999, don haka 40,000 tana iya zama 140,000. Daga 2005 zuwa yau kana iya ganin tarihin a shafin gwamnati da lambar mota kawai, har da gargaɗin da mai gwaji ya rubuta. Duk inda ka ga an ambaci tsatsa kusa da mazaunin sifirin ko gindin ƙofa, nemi rasit ɗin waldar da ta biyo baya. Kuma motar da ta wuce shekara 40 doka ta ɗauke mata gwajin tun 2018, to da yawa an daina kai su. Ka sa sabon MOT cikin sharaɗin ciniki.

MaiWalda77 ya rubuta:

Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ni a ganina takarda ɗaya ce ta cancanci ƙarin kuɗi: rasit ɗin aikin bodi mai hotunan lokacin da ake yin aikin. MGB ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, kuma a marar rufin ƙarfe mafi yawan ƙarfin yana cikin dogayen akwatunan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Kowanne ba falle ɗaya ba ne. Akwai na waje da ido ke gani, akwai faranti a tsaye a tsakiya, akwai na ƙasa da na ciki. Gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin sanyi yana shiga ya ci na tsakiyan daga ciki, na waje kuwa yana ta sheƙi. Aikin ha'inci shi ne a lulluɓa sabon falle a kan ruɓaɓɓe a shafa fenti. Aikin gaskiya sai an cire ko an yanke ƙasan fendan gaba da na baya, domin akwatin ya shige ƙarƙashinsu ta kowane gefe.

Yadda za ka gane: dubi tazarar ƙofa. Idan ta matse ta sama a wajen bayan ƙofar, motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Sa jak a mazauninsa ka ɗaga a hankali (da izinin mai ita), ka buɗe ƙofa ka rufe. Idan ta ƙi rufuwa ko ka ji ƙarfe yana ƙara, sauke ka yi sallama. Tafi da mayen ƙarfe ka naɗe shi da ƙyalle, ka bi ƙasan fendoji da bakin tayoyin baya. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cusa.

Daga nan ɗaga kafet ka danna daɓen ƙafa. Buɗe murfin da ke bayan kujeru, a nan batir biyu masu bolt 6 suke, ruwan batir kan cinye mazauninsu. Shiga ƙarƙashi da tocila ka duba inda sifirin na baya ya kama bodi. Leƙa cikin fendan gaba ta sama, inda laka ke taruwa. Ɗan tsagewar da ake gani a fatar ƙofa kusa da ƙaramin gilashi kuwa kusan kowace tana da ita, walda kaɗan ce, kada ta tsorata ka.

Wani abu kuma: kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon bodin MGB da injinan masana'anta na asali tun 1988. Idan rasit ya nuna an ɗora motar a kan irin wannan bodin, masu son komai na asali za su rage mata daraja, amma ga mai son hawa alheri ne.

Hajiya_GT ta rubuta:

Inji shi ne mafi sauƙin lamari, 1798cc ne, silinda huɗu, kayansa kuma suna nan a wadace domin an ƙera motar fiye da rabin miliyan. Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa shi ka ji da sanyi. Bayan ya yi zafi sosai, agogon matsin man inji ya nuna 50 zuwa 60 a kan tafiya, a tsaye kuma kada ya faɗi ƙasa da 15 zuwa 20. Kakat-kakat kaɗan daga sama ɗabi'arsa ce. Bugu mai nauyi daga ƙasa ne matsala. Buɗe murfin man inji, idan ka ga farin kumfa kamar kindirmo, ruwa na haɗuwa da mai, ko gasket ko kan injin ya tsage, kuma yawanci tsakanin silinda ta biyu da ta uku yake tsagewa. Nemi rasit ɗin da ke nuna an sa wa bawul mazauni mai tauri, domin an ƙera injin ne don fetur mai dalma.

Idan tana da obadiraif, wato ƙarin giyar lantarki da ke aiki a ta uku da ta huɗu, gwada shi a kan gudun mil 50 a awa. Juyin inji ya sauka nan take, misali daga 3,000 a minti zuwa wajen 2,500. Idan ya ƙi, sau da yawa waya ce ko makunni ko ƙarancin mai. Amma idan yana kamawa a ribas, tsaya nan take, wannan yana farfasa cikinsa. Kuloci kuma a gwada shi da kyau a kan hawa, domin canza shi sai an fitar da inji gaba ɗaya. Kuɗin aikin ya ninka na kayan.

Malam_Abingdon ya rubuta:

Ƙari kan maganar Hajiya, game da riƙon motar bayan saye. Man inji 20W-50, lita huɗu da 'yan kai, a canza duk mil 3,000 ko sau ɗaya a shekara ko da ba ta yi tafiya ba. Wannan man dai shi ake zuba wa giya. Kada bakanike ya zuba mata man giya mai kauri na EP90, wannan na aksil ɗin baya ne, yana hana obadiraif aiki. Ƙafafun gaba suna da kawunan giris a kan kinfin, wato ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa in an murɗa sitiyari, a buga musu duk mil 3,000, in ba haka ba su bushe su ci kansu, sitiyari ya yi nauyi. Kafireto biyu ne ƙirar kamfanin SU, kowanne da ɗan murfi a samansa da ake ɗiga wa mai. Idan ya ƙafe, motar tana shaƙewa in an taka.

Fetur kuwa, tun Satumban 2021 na yau da kullum a Ingila ya koma E10, wato mai sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, kuma sinadarin yana cin tsofaffin robobin mai. Sha E5 mai ƙarancin etanol, ka kuma canza duk tiyo ɗin da ba ka san shekarunsa ba. Idan ka murɗa makulli ba ka ji tik-tik daga baya ba, famfon fetur ne ya maƙale. Ɗan ƙwanƙwasa shi yana tayar da shi ya kai ka gida, amma a gyara shi a makon.

MaiWalda77 ya rubuta:

Na manta da tayoyi. Motar da ba ta yawan fita takan zauna da taya mai cikakken zane amma ta shekara 15. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara, 2309 na nufin mako na 23 a 2009. Duk wadda ta kai shekara 10 a cire ta, a kuma rage kuɗin guda biyar daga farashi. Idan ƙafafun masu waya ne irin na keke, saurari ƙwas daga baya lokacin da ka saki mai ka sake takawa. Haƙoran da ke riƙe ƙafar ne suka cinye, kuma ƙafa da cibiyarta tare ake canza su.