2006 ko 2007: wace kaka ce ta fi wa Appalachian State?

Malam Habu: Jama'a, ina nan kan bakana. A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, babu ƙaramar jami'ar da ta taɓa yin kaka kamar ta Appalachian State a 2007. Makaranta ce a garin Boone, can cikin duwatsun Arewacin Karolina, a lokacin tana rukuni na biyu na gasar jami'o'i da ake kira FCS. Ranar 1 ga Satumba ta je har gidan Michigan, wadda ke matsayi na 5 a ƙasar, ta doke ta 34 da 32 a gaban mutum sama da 109,000.

Nafi'u: Malam, da girmanka, wasa ɗaya kake faɗa mana, ba kaka ba. A 2006 sun ci 14, sau ɗaya tak aka doke su, kuma NC State ce ta yi, ita ma ta babban rukuni ce. A 2007 kuwa Wofford ta doke su, Georgia Southern ta zo har gidansu ta doke su. Duka biyun tsararrakinsu ne.

Malam Habu: Ƙanena, ai sun ɗauki kofin FCS a 2007 ɗin ma. Sun lallasa Delaware 49 da 21 a wasan ƙarshe a Chattanooga, Joe Flacco ne ma yake jefa wa Delaware ƙwallo. Kofi na uku a jere ke nan ƙarƙashin koci Jerry Moore, abin da ba a taɓa yi ba a rukunin.

Anti Rabi: Ni abin da ke damuna shi ne masu cewa nasarar da suka yi a kan Michigan sa'a ce. Duk wanda ya kalli wasan ya san da gumi aka ci shi. An tafi hutun rabin lokaci suna gaba 28 da 17. Daga baya Michigan ta farfaɗo, Mike Hart ya sheƙa yadi 54 ya sa Michigan gaba 32 da 31. A nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka saba sarewa. 'Yan Appalachian State kuwa suka tura ƙwallo har kusa da raga, Julian Rauch ya buga ta shiga saura daƙiƙa 26. Michigan ta sake dawowa da doguwar jifa ɗaya, ta tsaya bugun maki uku da zai ba ta wasan, sai Corey Lynch ya kutso ta gefe ya tare ƙwallon da jikinsa, ya ɗauka ya ruga har lokaci ya ƙare. Bugu na biyu ke nan da suka tare a zangon ƙarshe.

Nafi'u: Anti, ban ce sa'a ba ce. Amma Michigan ta wannan shekarar ba ta kai yadda aka zuzuta ta ba. Mako ɗaya bayan haka Oregon ta ci ta 39 da 7 a wannan filin.

Anti Rabi: Kuma ita ce ta gama da nasara 9, ta doke Florida, wadda Tim Tebow ke jefa wa ƙwallo, 41 da 35 a wasanta na ƙarshe. Kada ka rage mata daraja don hujjarka ta tsaya.

Sagir: Akwai abin da ba ku ambata ba. A lokacin dokar ta ba ƙungiyar FCS guraben tallafin karatu na 'yan wasa 63, ta babban rukuni kuma 85. Michigan ta biya su dala 400,000 ne don su zo a buɗe kaka da su cikin sauƙi. Bayan wasan sai da kamfanin dillancin labarai na AP ya sauya ƙa'idarsa, ya yarda a riƙa zaɓen ƙungiyoyin FCS a jerin gwanaye. Me 2006 ta sauya?

Nafi'u: Ba ta sauya doka ba, na yarda. Amma in tambayar ita ce wace ƙungiya ta fi ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, ta 2006 ce.

Malam Habu: To ka sa ciwon kafaɗar Armanti Edwards, mai jefa musu ƙwallo, a lissafi. Ya rasa wasanni bayan Michigan. Da ya warke, shi kaɗai ya yi gudun yadi 313 a kan Richmond a wasan kusa da na ƙarshe. Kawo min ƙungiyar 2006 ta tare wannan yaron a daren.

Nafi'u: Malam, ai shi ne mai jefa musu ƙwallo a 2006 ɗin ma, yana ɗan aji ɗaya. Wa zai tare wa?