Wane tauraro ne mai launin ruwan goro da ke bin Kaza da 'Ya'yanta?

Ɗalibi daga Kumo:
Assalamu alaikum, malamaina. Tun shigowar hunturu, bayan sallar isha'i nake ganin wani tauraro mai launin ruwan goro ta gabas, a ƙasan Kaza da 'Ya'yanta. Wani maƙwabcina ya ce duniyar Mars ce. Shin haka ne, kuma me ya ba shi wannan launi?

Malamin kimiyya, Gombe:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Wanda ka gani Dabaran ne, wanda littattafan boko ke kira Aldebaran. Hanyar tantancewa ita ce ka nemi taurarin nan uku masu haske da ke jere kusa da juna, waɗanda littattafan boko ke kira ɗamarar Orion, ka ja layi da ido daga gare su zuwa Kaza. Mai haske da za ka tarar a tsakani shi ne. Mars tana sauya mazauni a tsakanin taurari daga wata zuwa wata, shi kuwa yana nan inda kakanninmu suka san shi.

Launinsa daga zafinsa yake. Fuskar rana ta kai kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Selsiyus, tasa kuwa wajen 3,600 ce, kamar dai ƙarfe a maƙera, wanda yakan yi ja kafin ya yi fari. Tsohon tauraro ne da ya cinye sinadarin haidirojin da ke tsakiyarsa ya kumbura, har faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 44, kuma haskensa yakan yi shekara 65 a hanya kafin ya iso mu.

Wata malama daga Azare:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ƙarin da zan yi shi ne, ƙananan taurarin da suke kewaye da shi ba danginsa ba ne, domin nisansu ya haura nasa sau biyu. Saiti ɗaya kawai suka faɗo.

Dattijo daga Billiri:
Yaro, kada ka yanke hukunci kan launinsa yana ƙasa-ƙasa, don hazo yakan rina komai ya yi ja. Ka bari sai tsakiyar Janairu, wajen ƙarfe 9 na dare, lokacin da yake kusan tsakar ka a nan ƙasarmu, ka fita bayan gari inda babu fitilu. Daga Mayu zuwa Yuni kuwa kada ka wahalar da kanka, domin rana tana kusa da shi.