Keken lantarkina yana ɗaukewa in na shiga rairayi

Ɗan Wadata:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina da keken lantarki mai batir bolt 36, shekara biyu ina zuwa aiki da shi daga Wadata har Harobanda a nan Yamai. Kwanan nan ya tsiro da wani hali, bisa gudron lafiya lau yake tafiya amma da na shiga rairayi ko na fara hawan gadar Kennedy sai ya ɗauke gaba ɗaya har ekran ya mutu, in na kashe makulli na kunna ya dawo, alhali batir na nuna sanda uku. An ce in sayi sabon batir, wallahi ba ni da kuɗin yanzu.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Kar ka yi saurin saye malam. Tunda har ekran ke mutuwa to ba wayar birki ba ce, ita moto, wato injin keken, kawai take tsayarwa. Samu miltimetir, wato na'urar auna wuta, ka auna bakin sharjo, ya kamata ka ga bolt 42. Ka cika batirin, ka cire shi ya huta, shi ma ka auna. Cikinsa rukunin ƙwayoyi goma ne a jere, kowane 4.2 in ya cika, in guda ya gaji to da moto ya ja wuta da ƙarfi sai ya faɗi ƙasa, BMS ɗin, wato na'urar da ke tsaron batir daga ciki, ya yanke don kare sauran. Sandunan ekran kar ka yarda da su sosai.

Baban Nana:
Kafin nan duba inda batir ke zama cikin mazauninsa. Nawa haka ya yi, ashe ƙura da jijjiga sun saki haɗin har roba ta fara narkewa.

Ɗan Wadata:
Na gode. Haɗin lafiya yake, sharjo 42, amma batir 40.3 ya tsaya kuma fitilar sharjon ta yi kore da wuri.

Mai Gyara:
To akwai rukunin da ya rage baya. Bar shi jone da sharjo awa biyu ko uku bayan ya yi kore, kana kusa, ka maimaita kwana uku, wani lokaci yana daidaita. In bai hau ba kai wa wanda ya san batirin lityom ya auna rukuni-rukuni, kar ka buɗe da kanka. Kuma zafin Yamai ɗin nan, kar ka jona shi da dawowarka daga rana, bari ya huce a inuwa tukun. In ka ga ya kumbura ko yana wari fitar da shi daga ɗaki nan take.