Tambaya kan sarrafa fitilun keke da radar baya daga kwamfutar keke

Sani Mai Keke, Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa mahaya keke. Yayana ya aiko mini da kaya uku daga Ingila: kwamfutar keke (ƙaramar na'ura mai allo da ke lissafin tafiya) Garmin Edge 530, da fitilar baya mai rada (na'urar da ke hango abin hawan da ke tahowa ta baya) Varia RTL515, da fitilar gaba Bontrager Ion Pro RT. Ni mai fita ne bayan sallar asuba, in bi hanyar Gwarzo in dawo da hantsi, wato ina farawa cikin duhu in ƙare cikin haske. Abin da nake son sani kafin in taɓa komai shi ne ko kwamfutar za ta iya kunna fitilun biyu ta kuma kashe su, alhali ba kamfani ɗaya ne ya ƙera su ba. Sannan ina da agogon hannu na motsa jiki wanda shi ma yake karɓar rada. Shin ya dace in haɗa shi da su? Kuma idan radar ta fara aiki, zan iya cire madubin da ke kan keken?

Injiniya Bashir, Abuja

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Bambancin kamfani ba zai hana komai ba, domin duka ukun suna magana ne da tsarin sadarwa guda mai suna ANT+, wanda kamfanin Dynastream na ƙasar Kanada ya ƙirƙira, Garmin kuma ta saye kamfanin a 2006, wasu masu ƙera kayan keke da yawa suka ci gaba da amfani da shi.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, Varia ɗin nan jikinta ɗaya amma na'ura biyu ce. Idan ka sa kwamfutar ta nemi abin da ke kusa da ita, za ka ga ta fito sau biyu, sau ɗaya a matsayin rada, sau ɗaya a matsayin fitila, kuma dokar da ke kan kowanne daban ce. Ita rada shela take yi, kamar mai kiran salla, duk na'urar da aka haɗa da ita za ta ji, ko kwamfutarka ce, ko agogonka, ko kwamfutar abokin da ke tafiya gefenka. Fitila kuwa umarni take karɓa, kuma maigida ɗaya take bi a lokaci guda. Kwamfutar za ta tara fitilar gaba da ta baya a rukuni ɗaya ta riƙe ragamarsu, idan kuma ka ba agogon irin wannan iko, to ka naɗa sarki biyu a gari ɗaya.

Ni kaina na faɗa wannan rami da wasu fitilu da na taɓa amfani da su. Na yi mako biyu ina ganin fitilar bayana tana sauya haske ba da izinina ba, wani lokaci ma ta mutu ina tsakiyar tafiya, har na fara zargin batir, ashe ni ne na haɗa ta da agogo da kwamfuta gaba ɗaya, kowanne yana ja ta nasa ɓangaren. Saboda haka ka haɗa agogon da radar kawai idan kana son ya riƙa girgiza maka hannu, ka bar fitilun a hannun kwamfutar ita kaɗai.

Akwai kuma zaɓin lokacin kunnawa: ko fitilun su kama da zarar ka kunna kwamfutar, ko sai ka danna maɓallin fara lissafin tafiya. Mai fita da asuba ya zaɓi na farko, domin tsakanin ƙofar gida da inda mutum yake fara lissafi akwai titi, kuma a nan ne duhun ya fi yawa.

Malam Habu, Kaduna

Injiniya ya gama da batun fitila, ni kan madubi zan yi magana, kuma amsata ita ce kada ka cire shi.

Radar tana hango abin hawa daga nisan mita 140, ta yi ƙara, sannan ta nuna shi kamar ɗigo yana hawa gefen allon kwamfutar. Launin ruwan goro yana nufin mota na tahowa, ja yana nufin tana tahowa da gudu sosai, kore kuma alamar hanya ta yi fili. Mita 140 kamar da yawa ne a baki, amma ka yi lissafi: idan kana tafiyar kilomita 25 a awa, motar bayanka tana 100, tazarar tana raguwa da kusan mita 21 a kowace daƙiƙa, ke nan ba ka da cikakkun daƙiƙa bakwai. Sun isa ka matsa gefe ka riƙe keke da kyau, ba su isa dogon tunani ba.

Inda ake yaudaruwa shi ne, radar tana lura ne da abin da ke matsowa gare ka. Idan A Daidaita Sahu ya cim maka ya rage gudu ya daidaita tafiyarsa da taka yana jiran dama ya wuce, yana iya ɓacewa daga allon, ka ga kore, alhali yana nan bayanka kamar jela. Haka kuma ba ta gaya maka ko motar za ta ba ka fili ko za ta goge ka. Idan ta ce akwai mota, ka yarda da ita. Idan ta ce babu, ka duba madubi ko ka waiwaya kafin ka karkata. A cikin gari ma, inda babura da motoci ba sa yankewa, ƙarar takan zama surutu, amfaninta na gaske sai ka bar cunkoso ka hau doguwar hanya.

Ka kula da ɗaurinta. A sandar sirdi ake ɗaura ta, fuskarta tana kallon baya sak, ba ta sunkuya ƙasa ba, kuma kada jakar sirdi ko kayan da ke kan kariya su tare ta, har ma da bakin riga idan kana hawa da doguwa.

Aminu, Abuja

Ƙarin bayani kaɗan kan yanayin haske, ganin yadda wutar lantarki take a wurinmu. A yanayin ƙyaftawa na rana, RTL515 tana kai awa 16 da caji ɗaya, amma idan ka bar ta a haske tsayayye awa 6 ne kawai. Akwai kuma yanayi mai laushin haske na tafiyar ayari, don kada ka kashe wa na bayanka ido, shi kuma awa 8 ne. Zaɓin da aka rubuta "Auto" yana barin kwamfutar ta sauya haske gwargwadon wayewar gari, wanda ya dace da fitarka ta asuba, sai dai ni lokacin hazo na fi son "Individual", in saita kowace fitila da kaina, ta gaba ma in bar ta tana ƙyaftawa har in dawo gida. Wanda zai sa a sayo masa daga Jamus kuma ya lura cewa RTL516 ake sayarwa a can, wadda ba ta da ƙyaftawa saboda dokar hanyar ƙasar.

Sani Mai Keke, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haɗa su jiya da daddare kamar yadda Injiniya ya ce, agogon na ba shi radar kawai. Da asubar nan ina kunna kwamfutar a zaure fitilun biyu suka kama tare. Bayan na wuce sabuwar jami'ar Bayero kuwa na ga abin da Malam Habu ya faɗa da idona: allon ya koma kore, na leƙa madubi, sai ga wani mai babur ɗauke da buhuna biyu yana biye da ni bai fi taku goma ba. Madubin yana nan inda yake.