Man kariya ya sa sojojina sun yi fari

Salam 'yan'uwa. Na gama fentin ƙananan sojojin Space Marine na wasan yaƙin kan tebur na Warhammer 40,000, na roba ne. Jiya bayan an ɗauke ruwa, iska da danshi, na fesa musu man kariya (wato vanish, mai kare fenti) mara sheƙi na gwangwani. Da ya bushe sai suka yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, musamman kafaɗu da kwalkwali. Shuɗin sulken ya dushe, siraran layukan da na ja a gefuna sun ɓace, abin ya ƙona mini rai.

Na sake fesa wa ɗaya, farin ya ƙaru. Na shafa wa wani soja man kariya mai sheƙi da buroshi, ya ragu amma yana nan cikin lunguna. Sinadarin isopropyl kuwa har fentin ya ɗebe.

Don Allah, yaya zan cire farin nan ba tare da na kankare fentin ba?