Neman shawara: wane fil ya dace da ɗan bod ɗin da zan cusa a soket ɗin IC?

Mai tambaya, ɗan koyon gyaran inbata, Kano:

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Wani abu ya hana ni sukuni tun shekaranjiya, don Allah a taimaka mini.

Maƙwabcinmu ya kawo mini inbatarsa, IC ɗinta mai lamba SG3525, wato 'yar baƙar na'urar da ke sarrafa aikin inbatar, ta mutu, irin mai dogayen ƙafafu 16 da ke zama a soket. Ban da irinta a akwati, sai 'yar mitsitsiyar nan da ake liƙawa a kan bod, mai tazarar ƙafa milimita 1.27. Sai na zana ɗan bod da hannuna, na wanke shi, na liƙa ta a kai, na huda ramuka layi biyu: rami da rami 2.54, layi da layi 7.62. Fil kuwa, wato ƙafafun da za su shiga soket, na sa masa baƙaƙen nan masu kusurwa huɗu da muke amfani da su a bod ɗin gwaji na Arduino. Da ƙyar ya shiga, sai da na danna da babban yatsa har na ji ƙas. Inbata ta tashi, ta yi kwana uku lafiya lau.

To da na samo ta ainihi mai dogayen ƙafafu, na cire nawa na saka ta, sai ta zauna sako-sako. In na danna wuta ta zo, in na saki ta ɗauke. Mutumin nan amana ya ba ni, kuma gidansa da wannan inbatar suke kwana. Na kashe soket ɗin ke nan? Kuma wane fil ya kamata in saya? Ina da ƙananan nan har guda goma, ba na so su tafi a banza.

Mai gyara daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, kada ka sake kunna ta a haka. Ƙafa ta 11 da ta 14 su ke tura mosfet, wato taransistocin da ke ba taransifoma wuta, na ɓangarorin biyu. In ɗaya ta saki ɗaya na aiki, gefe guda kaɗai zai riƙa jan taransifoma, nan take mosfet su yi hayaƙi. Soket kam ya tafi, cire shi.

Dattijon zaure, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin:

Yaro, ba ka yi aikin banza ba, bod ɗinka daidai yake tunda har ya yi aiki. Fil ɗin ne bai dace ba. Ɗauko IC ɗaya ka dubi ƙafarta da kyau a haske: faffaɗa ce kamar ganye, faɗinta kusan milimita 0.46, kaurinta 0.25 kacal. Soket ɗin arha da ke cikin yawancin inbata, cikin kowane rami ganyen ƙarfe biyu ne suke matse wannan siririyar ƙafa daga gefe da gefe. Fil ɗin da ka sa kuwa 0.64 ne ta kowane gefe, daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai 0.9. Ka cusa abin da ya ninka kaurin ƙafar fiye da sau biyu, ka bar shi kwana uku cikin zafin akwati. Ganyen ya buɗe, kuma ba ya komawa. Wasu sukan sa allura su lanƙwaso shi. Yakan riƙe na ɗan lokaci, da jijjigar taransifoma da ƙurar hunturu sun haɗu sai ya sake saki.

Abin da za ka nema shi ne fil mai zagaye, wanda aka fere da inji. Layi-layi ake sayar da shi mai 40, ka karya yadda kake so. Bakinsa kusan 0.5 ne. Sai dai in gaya maka gaskiya, ko shi ya fi ƙafar IC kauri, yana ɗan buɗe soket mai ganye in ana yawan sakawa da cirewa. Don haka tunda dole ka canja soket, sayi mai zagayen ramuka, wanda in ka leƙa za ka ga 'yan yatsun ƙarfe kewaye a ciki. Shi yana karɓar fil mai zagaye, yana kuma riƙe IC ta ainihi gam. Mai kusurwa huɗu ma ba zai shige shi ba, ka huta da kuskuren.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi:

Baba, a yi mini afuwa, mu nan ba kullum ake samun mai zagayen ba. Ni guntayen ƙafar rasisto da nake yankewa nake tarawa a gwangwanin madara. In jera su a soket, in ɗora bod, in liƙa, in datse. Bai taɓa ba ni kunya ba.

Dattijon zaure:

Yana yi, ɗana, na sha yi. Amma ka zaɓi sirara masu kauri ɗaya, kada ka kuskura ka sa ƙafar dayod irin 1N4007, ta fi mai kusurwa huɗun ma kauri. Kuma waya ce mai laushi, cirewa biyu uku ta lanƙwashe. Don gwaji a teburinka ba laifi. Kayan mutane da za su bar shago, ni dai ba na sa musu.

Malama mai koyar da lantarki, Kaduna:

Bari in ƙara abin da ɗalibaina suka fi faɗawa ciki. Fil mai zagayen nan baki biyu gare shi, kuma ba ɗaya suke ba: ɗaya ya ɗan fi kauri, ɗaya siriri. Mai kaurin ake liƙawa a bod, siririn ke shiga soket. Da yawa suna juya shi, su dawo suna cewa fil ɗin jabu ne.

Wajen liƙi, fara jera layukan biyu a cikin wani tsohon soket, ka ɗora bod a kai, ka liƙa ƙafafun kusurwa huɗu, ka duba ya miƙe, sannan ka ƙarasa. Kada ayan ɗin liƙi ya daɗe a kai, robar tana narkewa fil ya karkace. Dalma kuma kada ta gangaro kan siririn bakin, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata rami. In da hali, ka daidaita rufin ƙarfen: mai ruwan zinare da mai ruwan zinare, mai kuza da mai kuza, don haɗa su yana kawo datti a mahaɗar bayan an daɗe. Ka kuma ɗiga farin fenti a ƙafa ta 1. Bod ɗin gida ba shi da tsagar da IC ke da ita, wanda zai buɗe inbatar bayanka ba zai san gabansa ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Baba, Malama, da sauran yayyena. Na cire soket ɗin yanzu, na leƙa da madubin ƙara girma: ramuka biyar a hangame suke, har da na ƙafa ta 14. Jikina ya yi sanyi da na gani. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Sabon Gari in nemo mai zagayen ramuka. Baba, ramukan da na huda wa bod ɗina milimita 1 ne, za su yi wa sabon fil?

Dattijon zaure:

Za su ɗan yi masa yawa, zai riƙa rawa kafin dalma ta kama. Na wannan karon jera shi a soket yadda Malama ta ce, zai zauna. Sauran taran, auna bakin mai kaurin tukuna. Yawanci bakin huda na 0.8 ya ishe shi. Kuma ka tafi kasuwa da matacciyar IC ɗin a aljihu, ka gwada ta a soket ɗin kafin ka biya.