Neman shawara: wane injin yankan itace ne zai iya da kirya da marke?

Manomi daga Koko:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ke nan, musamman waɗanda suka daɗe a sana'ar yankan itace.

Iskar farkon daminar bana ta kayar mana da itatuwa uku a gonar da muka gada a bayan garin Koko, kirya biyu da marke ɗaya, kuma har yanzu suna kwance sun tare wa shanun huɗa hanya. Ni da ƙanena mun kwana biyu muna sara da gatari, amma ko gindin guda ɗaya ba mu raba ba. Mai injin da ke zuwa yankinmu kuma ya sa mana rana sau uku bai zo ba. Shi ya sa na ƙudura in sayi nawa, in yi aikin gonarmu da shi, idan hannuna ya faɗa kuma in riƙa yi wa maƙwabta suna biyana.

A kasuwa an nuna mini iri biyu. Akwai babba wanda ake kira 070, sabo a kwali da sunan kamfanin Stihl a jikinsa, akwai kuma matsakaici na hannu, MS 381, shi ma na Stihl. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kuɗin sabon bai kai na tsohon ba. Wanne ya kamata in ɗauka? Yaya ake haɗa masa mai? Kuma gaskiya ne ana iya zuba wa sarƙa baƙin man da aka juye daga mota? Ina so ku sani ban taɓa riƙe irin wannan inji ba.

Bakanike daga Jega:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan farashin da ya ɗaure maka kai shi ne amsar tambayarka ta farko. Ba yadda za a yi sabon 070 na ainihi ya fi matsakaicin inji na hannu araha, don haka abin da aka nuna maka jabu ne. Irinsu suna zuwa rumfata a kai a kai, yawanci fistin ne ya ƙone ko igiyar tayarwa ta tafi da gidanta, kuma wani lokaci kayan gyara na ainihi ba sa zama daidai a jikinsu.

Ko da na ainihin ne ma, ba zan ba ka shawarar 070 ba. Girman injinsa ya haura cc 100 (cc shi ne ma'aunin girman inji), nauyinsa ya wuce kilo 10 tun kafin a ɗaura masa allon da sarƙa ke zagayawa a kai, kuma yawancinsu ba su da birkin sarƙa. Masu tsaga katako a daji ne suke buƙatarsa. MS 381 kuwa cc 72 ne, nauyinsa wajen kilo 6 da rabi, yana da birki, kuma da allo mai inci 20 zai raba duk kiryar da ke gonarku. Injinan kamfanin Husqvarna 272 ko 372 ma ajinsu ɗaya ne da shi, idan akwai mai kayan gyaransu kusa da kai. Ƙananan nan masu cc 30 zuwa 40 na sassabe rassa ne, busasshen marke zai gajiyar da su.

Kafin ka biya kuɗin na hannu, ka tafi da bakanike ya kwance salansa ya leƙa jikin fistin. Idan ya ga zane-zane a tsaye, ka bar shi. Ka kuma riƙe hannun igiyar tayarwa ka bar injin ya rataya: lafiyayye yakan sauka a hankali yana tsayawa, wanda ya mutu kuwa zurarewa yake yi.

Game da mai, injin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai, abin da ka gauraya a fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin. Ma'aunin da kamfanin ya bayar ga man 2T mai kyau, wato man da ake gaurayawa a fetur, shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a fetur lita 5. Ka auna da mazubi mai lamba, ka haɗa a jarka ka girgiza, kada ka haɗa a tankin inji da ƙiyasin ido. Kada kuma ka ajiye haɗin ya wuce wata guda. A ƙurar hunturu irin tamu, matatar iska tana buƙatar sharewa kullum bayan aiki. Baƙin man da aka juye kuwa ban yarda a zuba wa sarƙa shi ba, domin yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cinye famfon mai da allo.

Tsohon mai yankan itace daga Zuru:

Malam bakanike ya gama maganar saye, ni kuma zan yi maka ta jiki, yaro, domin jimlarka ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai.

Abin da ke yanka kirya kaifin sarƙa ne, ƙarfin inji yana biye. Sarƙa mai kaifi tana shiga itace da kanta tana watso ɓarɓashi manya; da zarar ka ga gari mai laushi yana fitowa, ko ka ji kana dannawa da ƙarfinka, to ta dakushe, ka kashe inji ka wasa. A kan busasshiyar kirya ni nakan wasa duk lokacin da na ƙara mai. Sarƙar 381 tana son magagari mai zagaye na milimita 5.2, a karkace digiri 30, ana turawa daga ciki zuwa waje, kuma kowane haƙori ya samu adadin gugar da ɗan'uwansa ya samu, in ba haka ba yankan zai riƙa karkata gefe ɗaya. Itacen da ya kwanta a gona gara takan yaɓa masa ƙasa, don haka ka kankare ɓawon wurin da za ka yanka da gatari tukuna, domin taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin da ka ɓata lokaci kana nema.

Babban haɗarin kuwa yana saman hancin allo. Idan wannan ɓangaren ya taɓa reshe ko wani gungume alhali sarƙa na gudu, injin yakan yi tsalle ya dawo wajen fuskarka kafin ka ƙifta ido. Ina da tabo daga kafaɗa zuwa ƙirji da na samu ta haka, ina yanke reshen maɗaci sama da kaina da injin da ba shi da birki, kuma Allah ne ya sa da sauran kwana. Saboda haka ka riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, ka tsaya ɗan gefe da layin yanka, kada ka yi yanka sama da kafaɗa. Ka tayar da inji a ƙasa, birki a kulle, ƙafarka ta dama a cikin mariƙin baya. Tayarwar da samari ke yi suna wurga shi a iska ganganci ne.

Babbar riga da rawani da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. Ka nemi takalmi mai ƙarfe a baki, hular kwano, tabarau, safar hannu da abin toshe kunne, idan ka samu wandon kariya na masu inji kuma kada ka ji ƙyashin kuɗinsa. Kunnena na hagu ya yi nauyi saboda ban san da wannan ba a ƙuruciya. Kada ka je gona kai kaɗai, kuma wanda ya raka ka ya san cewa idan an yanke, danne wurin ake yi da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti, ba a zuba ƙasa ko fetur.

A kan baƙin mai, ni dai na yi shekaru ina zuba shi saboda rashi, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiyar malam ce, allunana ba sa daɗewa. Idan ba ka samu man sarƙa ba, sabon man inji ya fi wanda aka juye.

Tsohon malamin daji daga Yauri:

Ina so in ƙara abu ɗaya tun da ka ambaci yi wa maƙwabta aiki. Itacen da iska ta kayar a gonarka daban yake da tsayayye mai rai. Kafin ka sare tsayayye, ko a gonar mai shi ne, ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka nemi izini, ka kuma tambaye su ko ana rajistar injin kansa. Za a zo maka da tayin kaɗanya da ɗorawa da gawo don gawayi, ina roƙonka ka ƙi, domin waɗannan su ne man kaɗe da daddawar matanmu, gawo kuma shi ke ciyar da dabbobi da rani yana gyara ƙasa. Madobiya ma tun 2017 take cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, ta sa wa ido saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa waje. Kebbi tana cikin jihohin da hamada ke matsa wa, kuma kiryar da inji ke kayarwa cikin minti kaɗan ta girmi mai injin.

Manomi daga Koko:

Allah ya saka muku da alheri, iyayena. Na fasa 070, zan tafi da bakanike mu duba ɗayan ranar kasuwa. Baba na Zuru, saura tambaya ɗaya: kirya guda ta faɗi ne da saiwarta, ƙasa ta ɗago tare da ita kamar bango. Daga gindi zan fara?

Tsohon mai yankan itace daga Zuru:

A'a, yaro, kuma na ji daɗi da ka tambaya. Nauyin gangar ne ke riƙe da wannan bangon saiwa. Idan ka raba su, yana iya komawa raminsa da ƙarfi ko ya rufto gaba, don haka kada kowa ya tsaya a ramin ko kusa da shi, musamman yara masu zuwa kallo. Ka fara da ƙananan rassan da ba sa ɗauke da nauyi, ka lura da waɗanda suka lanƙwashe a ƙarƙashi domin suna ɗame kamar baka. A kan ganga, ka fara ɗan yanka ta gefen da itacen ke matsewa, sannan ka ƙarasa ta gefen da yake buɗewa, da weji na itace a kusa don kada ya kama maka allo. Yankan gindin kansa kuwa kada ka yi shi a makon farko. Ka samu wanda ya daɗe a aikin ka biya shi kuɗin yini ɗaya, ya yi wannan yankan kana kallo, sauran biyun kuma ka yi yana tsaye a bayanka.